Littafin aikin takardun yaran unguwarmu

Asabar, 9 ga Agusta 2025

Na buɗe littafin nan ne don kar gobe a ce kuɗin ƙungiya ya bi ta ina, ga shi ni kaina mantuwa gare ni. Abun daga shagona na fotokwafi ya faro. Makon jiya wata baiwar Allah ta layin bayan masallaci ta kawo katin rigakafin ɗanta in yi mata kwafi, katin ya sha jiki har ya rabu gida uku. Nace Inna ina takardar haihuwarsa, tace ɗan nan ai ita ce a hannunka. Yaron shekararsa goma, nan Gombe aka yanke masa cibiya, amma bai taɓa taka boko ba sai allo. Iyayensa mutanen Gwoza ne, sun fito a Agustan 2014 da garin ya faɗa hannun Boko Haram, suka bi ta Madagali suka zauna Mubi, da Mubi ma ta tashi a Oktoba suka yo nan.

Mu nan ba mu yi zaman sansani irin na Maiduguri ba, mutane gari suka shigo, wani aka ba shi kango, wani shagon ƙofar gida, wani ya kama haya daga baya. Shi ya sa ba a ganinsu, sun saje da mu a kasuwa da sahun sallah, sai an zo maganar takarda kake gane akwai saura. Yau mu bakwai 'yan ƙungiyar matasa mun zauna a shagon, mun tsai da magana kan abu uku: takardar haihuwa, NIN wato lambar shaidar ɗan ƙasa, da kujera a makarantar gwamnati kafin a yi nisa da sabon zango. Abun da ke asusu naira 46,500.

Talata, 12 ga Agusta

Mun je gaida mai unguwa. Ya ji bayani ya sa albarka, sai yace amma ku taka a hankali, duk inda talaka ya ga biro da babban littafi ɗauka yake rabo ne. Nace ranka ya daɗe ai za mu yi musu bayani. Dariya kawai ya yi. Littafi 1,800, biro 700, ruwan leda 1,000.

Alhamis, 14 ga Agusta

Gida 19, yara 41. Ƙanwata da wata malamar Islamiyya ne ke shiga ciki, mu muna zaure. Wasu tsofaffin Hausar ba ta zauna musu ba sai jikoki sun yi tafinta, akwai masu Glavda akwai masu Mandara, mutanen Bama kuma Barbarci.

Lahadi, 17 ga Agusta

Maganar mai unguwa ta fito, tun ba a je ko'ina ba. Da safe na zo buɗe shago na tarar da mata sun fi sittin a tsaye, wasu daga can wajen Pantami ma suka zo, wai an ce ƙungiyar Turawa ta ba mu kwangilar rubuta suna za a raba dubu hamsin hamsin. Na yi rantsuwa har muryata ta dushe, babu wanda ya yarda, wata ma cewa ta yi Allah ya isa in na cinye nata.

Wannan duk mai sauƙi ne. Bayan la'asar Baba mai faci, wanda tun ina yaro yake bakin titin nan, ya zo ya zauna a bencina bai ko amsa gaisuwa da kyau ba. Yace shi ya ba mutum biyu ɗaki kyauta shekara uku lokacin da suka zo ko tabarma ba su da ita, yau jikokinsa huɗu suna gida babu mai takardar haihuwa a cikinsu, biyu ba sa zuwa makaranta, amma mun tsallake ƙofarsa mun shiga ta maƙwabcinsa. Wato laifinsa shi ne ba a ƙona garinsu ba? Wallahi ban samu abun ce masa ba.

Yana nan zaune sai ga dattijon mutanen Gwoza, shi ma da tasa. Ya sa aka karanta masa abun da na rubuta a saman shafi, SUNAYEN YARAN 'YAN GUDUN HIJIRA. Yace ɗana, shekara nawa mutum zai yi a gari kafin a sauke masa sunan nan? Matata a maƙabartarku take kwance, 'ya'yana mata biyu suna aure a gidajenku, yaran da ka rubuta ko hanyar Gwoza ba su sani ba. Yace duk sanda aka rubuta su daban, ƙarshenta ko a yi musu layi daban ko a yi musu kallo daban, ya gaji da duka biyun.

A gabansu na yage shafin. Ni a tunanina taimako nake, ashe katanga nake ja tsakanin mutanen da suka riga suka zama ɗaya ba da iznina ba. Gobe za mu sake daga farko, kowace ƙofa, kan shafi kuma yaran unguwa kawai.

Laraba, 20 ga Agusta

An gama zagaye. Yara 96 babu takardar haihuwa, 52 na waɗanda suka zo daga Borno da arewacin Adamawa, 44 namu na gari. Kun ji fa, kusan kankankan. Cikinsu 57 ba sa zuwa boko. Na sayi rim na takarda 6,500, kuɗin bugawa ban caji ƙungiya ba.

Lahadi, 24 ga Agusta

Liman ya yi sanarwa ranar Juma'a an tara 22,000. Faston cocin bakin titi, da yake da yawan mutanen bayan dutsen Gwoza can suke ibada, ya aiko da 10,000 kuma yace zai duba mana katin baftisma na yaran da ke wajensu saboda kwanan wata. Asusu ya koma 68,500.

Litinin, 25 ga Agusta

Ranar farko wajen jami'in hukumar ƙidaya, su ne masu ba da takardar haihuwa, yana zama a asibitin sha ka tafi. Mutumin kirki ne, bai tambayi kowa daga wace jiha yake ba sai don cike gurbin iyaye, yace duk yaron da aka haifa a ƙasar nan haƙƙinsa ne a rubuta shi. Matsalar daga wajenmu ta fito, kuma rabinta tawa ce.

Yawancin iyayen ba su riƙe kwanan wata ba, ni kuma don in yi sauri duk wanda aka ce ba a sani ba sai in danna masa 1 ga Janairu in ƙiyasta shekara da ido. Jami'in ya jera fom guda shida na gida ɗaya ya kira ni, yace malam duba nan, uwa ɗaya, wannan da wannan ka ba su rana ɗaya shekara ɗaya, tagwaye ne? Ga yaran a tsaye ɗaya ya fi ɗaya da kai guda. Kunya kamar in nutse. Ya dawo mana da fom 23, kuma ya ja min kunne cewa abun da aka sa a nan shi zai bi yaro zuwa NIN da jarrabawa, gyaran ranar haihuwa a NIN kuwa kuɗinsa ya haura dubu ashirin ban da zirga-zirga.

Malamar Islamiyyar nan ce ta kawo dabara. Tace mata ba sa manta abun da ake ciki ranar da suka haihu, a daina tambayarsu shekara. Haka muka zauna a inuwar dalbejiya ana tambaya. Wata tace tana jego aka ɗage zaɓe, to zaɓen 2015 ne da aka ɗaga daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. Wata tace lokacin kullen korona, 2020 kenan. Wata tace da kuɗin tsohuwar naira aka ƙi sayar musu da ragon suna, farkon 2023. Daga nan sai a tambayi azumi ne ko bayan babbar sallah, damina ko hunturu, in duba kalandar waya in fitar da wata. Ba daidai ɗari bisa ɗari ba ne amma ya fi ƙaryar Janairu. Sai kuma rubutun suna, uba ɗaya na rubuta shi Muhammad a fom ɗin wa, Mohammed a na ƙane, dole yanzu mu bi yadda yake a katin uban harafi da harafi.

Napep zuwa da dawowa 4,800. Takarda 18 kawai muka dawo da ita.

Juma'a, 29 ga Agusta

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yaron da na aika da fom ya zame a kwarin bayan makaranta, shi lafiya lau, fayil ɗin ne ya zama kunu. Sake bugawa 2,200. Daga yau komai cikin leda, kuma ina ɗaukar hoton kowane fom a waya.

Laraba, 3 ga Satumba

Yau kam an ci mu, kuma da hannunmu muka miƙa. Yaro ƙasa da shekara 16 ba a yi masa NIN sai an haɗa da lambar uwa ko uba ko mai riƙonsa, to iyaye mata da yawa su ma ba su da ita, layin wayarsu da sunan wani aka yi. Muna cikin wannan lissafin aka haɗa mu da wani mai yawo da kwamfuta da na'urar ɗaukar yatsa, yace har gida zai zo, 1,500 kowane kai, kwana uku lamba ta fito ko babu ta iyaye. Wannan kalmar ta ƙarshe ya kamata ta farkar da ni. Ranar Asabar ya ɗauki yara 20 a shagona, ya ba kowa wata 'yar takarda, ya karɓi 30,000, rabi daga asusu rabi daga aljihun iyaye. Tun Litinin wayarsa a kashe. Na kai 'yar takardar wata cibiyar rajista ta gaskiya aka duba, babu komai a kanta, kuma suka tuna min rajistar farko kyauta ce.

Abun da ya fi ƙona min rai kuɗin iyayen, akwai mai wankau a cikinsu, 1,500 ɗin nan wankin yini biyu ne. Na ce zan biya su daga shago kaɗan kaɗan, tunda a bencina aka zauna kuma fuskata suka gani suka yarda. Asusu ya dawo 46,500, daidai inda muka fara, kamar ba a yi komai ba.

Juma'a, 5 ga Satumba

Hutun Maulidi. Ba a fita ba.

Talata, 9 ga Satumba

Akwai gida ɗaya da tun farko maigidan ke kauce mana, mai gyaran takalmi ne, yara uku. Jiya bayan isha'i ya same ni ina rufe shago, ya ciro wani tsohon kati daga cikin hula, rubutun Faransanci. Ashe shi mutumin Amchide ne ta Kamaru, garin da ke manne da Banki, iyaka ce kawai ta ratsa tsakaninsu. Da aka watse kowa ya bi inda ƙafarsa ta kai shi, mutanenmu da yawa suka tsallaka can har sansanin Minawao, shi kuma ya biyo ayarin mutanen Bama ya faɗo nan. Duk shekarun nan cewa yake shi ɗan Banki ne, yana tsoron ranar da za a gane a sa shi a mota. Roƙonsa in rubuta Banki a fom ɗin yaran.

Na ce masa yaya ba zan rubuta ba, ba don ƙeta ba, na riga na ga yadda ƙaramar ƙaryar takarda ke girma. Kuma nasa lamarin daban yake da na mutanen Gwoza. Su 'yan ƙasa ne da suka bar gida, duk abun da nake da shi a doka suna da shi. Shi kuwa ya tsallako iyaka ne, shi ne ainihin wanda yarjejeniyar 1951 ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ta ƙasashen Afirka ta 1969 suke magana a kai, Najeriya kuma ta shiga duka biyun, babban abun da ke cikinsu shi ne ba a mai da mutum da ƙarfi inda ransa ke cikin haɗari. Akwai hukumar tarayya ta 'yan gudun hijira, NCFRMI, ita ke rajistar irinsu tare da UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a ba mutum kati, kamar yadda aka yi wa dubban 'yan Kamaru da rikicin yankin masu Turanci ya koro tun 2017, suna Ogoja a Kuros Riba da Binuwai da Taraba, 'ya'yansu na zuwa makarantun gwamnati tare da 'yan gari.

Ya yi shiru ya daɗe, yace to in ya kai kansa aka riƙe shi fa, wa zai ci da yaran? Ban yi masa alkawarin abun da ba a hannuna yake ba. Mun rabu a kan za mu fara samun wani lauya ɗan unguwa ya yi tambaya ba tare da an ambaci suna ba. Takardar haihuwar yaran dai ba ta jiran wannan, nan aka haife su, za a rubuta gaskiyar ƙasar uban.

Asabar, 13 ga Satumba

Sawu uku zuwa cibiyar rajista a makon nan, iyaye mata tukuna sannan yara. Rana ɗaya sabis ya ɗauke muka dawo haka. Napep 9,000. Saura 37,500.

Litinin, 22 ga Satumba

Makaranta. A firamaren farko hedimasta ya karɓe mu hannu biyu, yace shi matsalarsa benci ne ba yara ba, in za su zauna a tabarma bismillah. A ta biyun wani malami ya tsare mu a baranda wai sai an kawo takardar indijin, wato shaidar asalin ƙaramar hukuma. Nace yallaɓai ɗan aji ɗaya? Dokar ilimin bai ɗaya, UBE, ta 2004 cewa ta yi firamare shida da ƙaramar sakandare uku kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro, ba ta ce ɗan jiha ba. Bai ji daɗin yadda na faɗa ba, ni ma daga baya na ga na ɗaga murya fiye da kima. Washegari mai unguwa ya saka babbar riga ya raka mu da kansa, ko minti goma ba a yi ba aka rubuta yara. Abun da doka ba ta buɗe ba rawani ya buɗe, Allah ya kyauta.

Kyauta ɗin ma da sauranta, ga yunifom ga littattafai ga ɗan kuɗin PTA. Mun sayi yadi na yara 14 da suka fi kowa rashi, 24,000, takwas 'yan gari shida baƙi, da gangan na bar kwamitin mata suka zaɓa ba ni ba. Telan layinmu ya ɗinka kyauta, shi ma ɗan Bama ne.

Alhamis, 25 ga Satumba

Manyan yaran sun fara gudu. 'Yan shekara 12, 13 da aka zaunar aji biyu cikin ƙanana, ana ce musu baban aji, biyar sun daina zuwa, ɗaya ya koma tallan rake. Ban ga laifinsu ba. Wata malama mai ritaya ta yarda ta riƙa yi musu darasi a zaurenta bayan la'asar, karatu da lissafi kawai, in sun kama zuwa zango na biyu a gwada su a ɗaga su aji huɗu, hedimasta ya amince da baki. Allo da alli 3,500.

Laraba, 1 ga Oktoba

Hutu. Na biya mutum huɗu cikin goma kuɗinsu na NIN ɗin bogi.

Litinin, 6 ga Oktoba

Maganar indijin ta dawo ta babbar ƙofa. Wata yarinya da ta gama sakandare bana, tana da NIN ta yi JAMB lafiya, amma wajen tantancewa da neman tallafin karatu ana son takardar ƙaramar hukuma. Tana da shekara bakwai aka shigo da ita Gombe, nan ta yi duk karatunta, amma takardar asali ta garin uba ake bayarwa, wato sai an nemo ta Gwoza. Uban ya rasu, uwar tace ita ba ta sake bin hanyar nan ko a mafarki. Wannan ya fi ƙarfin ƙungiyar matasa, tsarin ƙasar ne gaba ɗaya haka, ɗan Gombe ma in a Kano aka haife shi nan zai dawo nema. Dattijon nan na mutanen Gwoza yace yana da ɗan ɗan'uwa a Maiduguri da ya san yadda ake bi, za a tura masa kwafin katin marigayin. Akwai irinta aƙalla shida da za su taso nan da shekara biyu, gara a fara tun yanzu.

Asabar, 11 ga Oktoba

Lissafi zuwa yau: takardar haihuwa 81 cikin 96, uku na mai gyaran takalmi suna ciki. NIN yara 38, iyaye mata 17. Makaranta 49 aka rubuta cikin 57, masu zuwa kullum 44, biyar ɗin suna zauren malama. Jikokin Baba mai faci duka huɗun sun samu takarda, ya zo har shago ya duba hatimin da kyau kafin ya ninke ya sa a aljihu. Asusu 10,000 cif, ana bina 9,000.

Mako mai zuwa: sauran takardu 15, yawancinsu iyayen sun tafi girbin wake a ƙauye sai sun dawo. Zuwa asibitin mazaɓa a ji yadda ake shiga tsarin GoHealth, inshorar lafiya ta jihar Gombe, na marasa ƙarfi, tunda yanzu matan sun samu NIN, akwai masu ciki huɗu da ba su fara awo ba. Lauya yace Laraba zai ba mu amsa. Benci kuma kafinta yace guda ɗaya 14,000, ana buƙatar shida, ban ma san ta inda za a fara ba, sai dai in liman zai ƙara yi mana sanarwa.